Baƙin Man Gwaggo

Motar Babanmu ba ta taɓa shiga lungunmu ba. Lungun ya yi mata ƙunci, don haka a bakin masallacin unguwa take kwana, ƙarƙashin wata darbejiya, inda in ka ɗaga kai kana hango Goron Dutse. Tsohuwar mota ce fara mai dogon baya. Da ita ya yi shekaru yana kwasar rinannun kaya daga marinar Ƙofar Mata yana kai wa 'yan kasuwa a garuruwa. Ban taɓa jin ta tsaya masa a hanya ba, kuma duk wanda ya tambaye shi sirrin, amsa ɗaya yake samu: juye.

Juye shi ne a zubar da tsohon baƙin man inji gaba ɗaya, a canza filta, a zuba sabon mai. Ciko kuwa shi ne a ga man ya yi ƙasa a ƙara wani a kansa. Baba bai hana ciko ba idan ya kama dole, amma bai yarda a kira shi gyara ba. Yakan ce ko a marina, idan ruwan rini ya mutu kwashe shi ake yi, ba a zuba sabon shuni a kan mushe. Man da ya daɗe a inji yakan kwashi datti da ɓurɓushin ƙarfe, ya yi kauri, maimakon ya sa ƙarafa su riƙa sulɓi sai ya koma yana cin su. Mu 'ya'yansa mun haddace wannan bayani kamar karatun allo, har mukan riga shi ƙarasawa, shi kuma ya ce mu yi dariyarmu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Man da aka juye ba ya zuwa kwata. Na Gwaggo ne. Gwaggo yayar Baba ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana zaune a tsohon gidan gado a Dukawuya, ginin ƙasa mai rufin azara da ƙyauren katako. Ba ta da abokin gaba a duniya sai gara. Duk sanda aka yi juye, bakanike zai ɗure baƙin man a galan, Baba ya kai mata da kansa. Sai ta naɗa tsumma a kan kara, ta bi gindin ƙyaure da dogaran ƙofa da bakin azara tana shafawa, har ƙasan turmi ba ta bari. Gidan Gwaggo kullum da ɗan warin gareji, kuma ba ta jin kunyar hakan. Takan ce gara ta ji warin ta koma gidan maƙwabta, su ma Allah ya ba su ƙane mai mota.

Sannan ciwon suga ya taɓa wa Baba ido. A hankali abin ya zo, ya daina tuƙin yamma, ya daina tuƙi gaba ɗaya, har ya kai sai dai ya bambance haske da duhu. Makullin mota ya koma hannun Yayanmu, ɗan farinsa, wanda saboda alkunya Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce Malam. Ni kuma Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. A lokacin ina kwalejin horar da malamai, ina zuwa daga gida.

Ba makulli kaɗai Yaya ya karɓa ba. Shi yake zaɓar wa Baba rigar da zai sa ranar Juma'a, ya gaya masa launinta, ya ce masa wankakkiya ce. Shi yake raɗa masa wanda ke tahowa a hanyar masallaci don ya gaishe shi da sunansa. Shi yake ware masa ƙwayoyin magani na safe da na yamma. Baba mutum ne mai son tsabta da gudun abin kunya, babu abin da yake tsoro kamar ya fita cikin mutane da miya a gaban riga bai sani ba. Idan baƙi suka yi masa jajen ido, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ai ina da ido. Ga Malam nan."

A shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki, gari ya cika da fastoci da lasifika. Wani abokin Yaya na makaranta ya fito takarar ɗan majalisa a wata ƙaramar hukuma can bayan gari, ya roƙi Yaya ya taya shi yawon neman ƙuri'a. Yaya ya nemi izini. Baba bai damu da siyasa ba, ya ce ya ga jamhuriya ta farko ya ga ta biyu, duk kanwar ja ce. Amma ya ba da motar, da sharaɗi ɗaya.

"Malam, hanyoyin can burji ne, ga kaya, ga tafiya kullum. Juyen da muke yi lokaci-lokaci ba zai ishe ta ba. Duk wata ka juye mata. Ka kai wa Gwaggonku nata."

"To, Baba."

Aka ɗaura wa motar lasifika a ka, aka manne ta da hotuna har ba ka ganin farinta. Yaya ya riƙa fita da sassafe bayan ya ba Baba magani, ya dawo da yamma fururu da ƙura, murya a dishe. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na watannin nan ba, mutumin da a da in ya yi magana sai ka ce masa me ka ce. Duk ƙarshen wata Baba zai tambaya, "Malam, an yi juye?" Yaya zai ce, "An yi, Baba." "An kai wa Gwaggonku?" "An kai." Shi ke nan, Baba ya koma kan rediyonsa.

Azumi ya zo ya wuce. Washegarin Sallah muka tafi gaishe da Gwaggo kamar yadda aka saba, ni da Baba da Yaya, a cikin motar. Na lura tana wani ƙara-ƙara da ban san ta da shi ba, Baba ma ya karkata kai yana saurare. Da muka isa, Yaya ya riƙe masa hannun hagu, shi kuma ya kai na dama ya dafa dogaran ƙofar zaure don ya tsallake dokin ƙofa. Sai ya tsaya. Ya bi katakon da yatsunsa daga sama zuwa ƙasa. Wata busasshiyar ƙasa ta marmashe ta zubo, irin hanyar nan da gara ke ginawa. Ya kai yatsun hancinsa ya shinshina.

Gwaggo tana tsakar gida tana kallonsa. Ba ta jira an gama gaisuwa ba.

"Ka ji da hannunka ko, Alhaji? Ai gara ka taɓa da kanka. Tun kafin a fara haukan siyasar nan rabona da ɗigon mai. Na ce ko motar aka sayar ba a gaya mini ba, ko kuma an samu wata Gwaggon ce a ƙauye. Dubi azarar ɗakina, sun fara yi mini tuwo da ita."

Baba ya ce, "Ayya, Hajiya. A yi haƙuri, za a kawo."

Na dubi Yaya. Idonsa na ƙasa, yana ta gyara zaman hularsa. Gwaggo ta dube shi, ta dubi Baba, ta gane ta taka wani abu, sai ta hau zuba mana tuwo da miyar taushe tana faɗan tsadar kayan miya. Baba ya ci, ya yi hira, ya yi wa jikokin gidan barka da Sallah.

Da muka fito, ya ce, "Malam, buɗe mini gabanta." Yaya ya ɗaga murfin inji. Baba ya laluba, hannunsa ya san wurin ba sai an nuna masa ba, ya zaro gejin mai, wato siririn ƙarfen nan da ake duba yawan man da shi. Ya shafo bakinsa, ya murza tsakanin yatsa biyu. Man ya yi baƙi ƙirin, yana danƙo kamar kwalta. Ya daɗe yana murzawa. Sannan ya mayar da gejin, ya miƙo mini hannu na goge masa da gefen mayafina.

"Mu je gida," ya ce. "A hankali."

Kashegari muka je wajen bakaniken da ya saba yi masa aiki, a gindin ganuwa. Ya bar injin ya ɗan ɗumama, ya shiga ƙarƙashi da sifana da daro, ya kwance notin ƙasa. Man bai zubo ba yadda ya saba, sai ya riƙa faɗowa guda-guda. Filtar kuwa ta toshe, sai da ya yi da gaske ta kwance. Ya ce Allah ya kiyaye, saura ƙiris injin ya buga, kuma ko yanzu ringin cikin injin ya ci, za ta riƙa hayaƙi tana shan mai. A nan Yaya ya yi bayani, ba tare da an tambaye shi ba. Kullum yana niyyar zuwa, kullum a ce ana jiransa a wani ƙauye. Sai ya tsaya bakin titi ya sayi kwalba ɗaya ya yi ciko, ya ce gobe. Da Baba ya yi tambayar farko ya ji nauyin cewa bai yi ba, ƙarya ta biyu kuma ta hau kan ta farko. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba." Bai karɓe makulli ba, bai ɗaga murya ba. Ni har na yi ajiyar zuciya, na zaci magana ta wuce.

Ranar Juma'a Yaya ya ɗauko riga ya kawo. "Baba, ga farar shaddar nan, wankakkiya ce, an goge." Baba ya karɓa, ya shafa ta, ya juyo da fuskarsa inda yake jin motsina.

"Uwata, haka ne?"

Na ce, "Haka ne, Baba." Yaya ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya durƙusa ya jawo masa takalma.

Haka abin ya ci gaba. Magani, riga, wanda ya yi sallama a zaure, duk abin da Yaya ya faɗa sai an nemi shaida, in ba ni ba Ummanmu. Na tsani tambayar nan, na tsani muryata idan ina amsa ta. Wata rana da Yaya ya fita na ce, "Baba, don Allah ka yafe masa haka. Ya yi nadama, ko abinci ba ya ci sosai."

Ya ce, "Na yafe masa tun a ƙofar gidan Hajiya. Ba fushi nake ba, Uwata. Ke in an gaya miki magana kina iya zuwa ki duba. An ce gani ya kori ji, to ni ji kaɗai ya rage mini. Ina so in yarda, zuciyar ce take tambaya."

Na tausaya wa Yaya, amma a ranar na fi tausaya wa Baba, don na gane kullum sai ya sa riga bai tabbata ba.

Abokin Yaya ya ci zaɓe, aka rantsar da farar hula, sojoji suka koma bariki. Abin da Yaya ya samu a ciki hula ce mai tambarin jam'iyya, da mota mai hayaƙi. Ya cire lasifikar, ya kankare hotunan da ruwan zafi, ya koma shagonsa. Daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a da babu wanda ya sa shi. Duk sanda ya yi juye, kafin ya wuce Dukawuya sai ya biyo gida da galan ɗin, man da sauran ɗuminsa, da tsohuwar filtar a leda. Zai durƙusa gaban Baba ya buɗe murfin ya ce, "An yi juye, Baba." Baba zai tsoma yatsa, ya murza, ya shinshina, ya ce, "Madalla. Kai wa Gwaggonku." Ni kuma in kawo ruwa da sabulu. Gwaggo ta samu mai har ta fara rabawa maƙwabta, gara ta bar mata azara, amma dogaran ƙofar nan sai da aka sake shi.

Damina ta zo ta wuce, wani azumin ya zo ya wuce, ana haka. Na gama kwaleji na fara koyarwa. Tambayar "haka ne?" ta ɗan ragu, amma ba ta ɓace ba, kuma Yaya bai taɓa nuna ta dame shi ba, sai dai in ga ya ɗan runtse ido.

Wata Asabar da hantsi ina tsakar gida ina wanki, Baba yana kan tabarma a inuwa, Yaya ya shigo da galan. Ya durƙusa, ya fara kwance murfin. Na tashi zan ɗauko sabulu.

Baba ya ce, "Bar shi a rufe, Malam. Ka ce an yi?"

"An yi, Baba."

"To an yi. Kai wa Gwaggonku."

Yaya bai motsa ba. Ya ce, "Baba, ka taɓa dai."

"Na ce ka tafi. Kuma in ka dawo ka duba mini rigar nan, ina jin kamar na zuba mata koko."

Yaya ya ɗauki galan ɗin ya fita. Na bi shi da makullin mota da ya manta a kan tabarma, na same shi a zaure, ya jingina goshinsa da bango, kafaɗunsa suna rawa, galan ɗin yana rungume a ƙirjinsa yana ɓata masa farar riga. Na ajiye makullin a kan dakali na koma ciki. Baba yana zaune yadda muka bar shi, da ɗan tabon koko a gaban rigarsa. Na gan shi sarai, shi ma ya ji shigowata, amma bai tambaye ni ba. Ya jira Malam.