Kitson Ƙarshe na Goggo Rahama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, shida ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran ƙanwar babana, Goggo Rahama mai kitso, a asibiti a nan Azare. Zuciyarta ce ta tsaya, amma ciwon da ya gajiyar da ita ya daɗe.

Goggo, ni ce Khaulat. Kin san ba na iya magana cikin mutane, shi ya sa na rubuta.

Na tashi na ga tsakar gidanki cike da mata, har daga Disina ake kawo miki amare. Sai gwiwar hannunki ta fara ja tana farin ɓawo, farcenki ya lalace, yatsunki suka kumbura. Wasu suka ce kuturta, wasu suka ce sammu. Likita ya ce ba a ɗauka. Ƙwayoyin da ke cikin jini masu tsare jiki daga cuta ne suka rikice, suka koma yaƙar fata da gaɓoɓi, su ke hura kumburin. Kika yi dariya kika ce, "Wato masu gadi ne ke cinna wa gida wuta." Kin bayyana wa kowa. Duk da haka matan ba su dawo ba.

Ni nake zuwa in karanta miki littattafan soyayya, hannuwanki cikin ruwan ɗumi. Sai ki katse ni: "Wai saurayin nan ba shi da sana'a ne? Kullum yana ƙofar gidan mutane!"

Watan jiya kina tsefe mini kai, sai hannunki ya tsaya a bayan kunnena, kan wani farin ɓawo irin naki.

"Tun yaushe, 'yar nan?"

Na fashe da kuka. Na roƙe ki kada Umma ta ji. Duk littattafan da na karanta, babu yarinya mai irin wannan fatar da aka so. Ba ki yi mini wa'azi ba. Kika kwantar da kitson ya rufe wurin, tun hantsi har la'asar, kina yi kina hutawa, kina cije leɓe. Da kika gama kika ce, "Na rufe miki na wannan karon kawai. Idan ya tsufa, tare za mu je wurin likita, tun kafin abin ya sauka a yatsu. Ni na makara."

Goggo, kitson ya tsufa. Yana nan a kaina, ya cukurkuɗe, Umma na ta faɗa, ni kuma na gaji da jan ɗankwali har kan kunne.

Umma, idan kin karanta wannan, ki zo ki tsefe mini da hannunki. Ki duba bayan kunnen hagu. Gobe ki raka ni inda Goggo ta ce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Malam Bappayo, da ɗanta Yaya Abdulhakeem, da Baba. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙanki, Goggo, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinki. Allah Ya sa yatsun nan sun huta. Amin.