Jakar da Babu Komai a Cikinta

Ko zan manta da komai na zamana a Amurka, ban da ranar da aka yaba mini na'urar da ko ƙera ta ba a gama ba.

A lokacin ni ne mai haɗa lasifika a bukukuwan mutanenmu, daga Hyattsville har Lanham. Sai wani kamfani ya tallata sabuwar na'urar haɗa sauti, wai da bazara za ta fito. Ni kuwa da rawar kai na yi oda, na sayar da tsohuwata, na bi jama'a ina cika baki. Bazara ta wuce, suka ce suna gyare-gyare. Sanyi ya shigo, suka ce a ƙara haƙuri. Jakarta kaɗai suka aiko, baƙa mai ƙyalli, ciki wayam.

Ana haka shugaban ƙungiyarmu ya samu jika, ya kira ni. "Malam, sabuwar nan muke so ranar suna. In ba ta zo ba ka faɗa, akwai wani ɗan Ghana da zai yi mana." Tsoron rasa aikin ya kama ni. Na ce, "Ai ta zo, Alhaji."

Ranar na ɗora jakar a tebur, na cusa wayoyi ciki, na laɓe bayanta ina murɗa iska, gumi har cikin takalmi. Sanƙiranmu wani dattijo ne ɗan Maraɗi, direban tasi, wanda in ya yi gyaran murya ana ji a tsallaken titi. Na miƙa masa mataccen makirufo. Duk abin da liman ya faɗa, shi ke maimaitawa. Da ya kwararo sunan jariri, har tagogi suka amsa.

Da aka tashi, Alhaji ya riƙe hannuna. "Ka ga aikin Bature! Ba ƙara, ba kuwwa, sai ka ce mutum ke magana da bakinsa."

Bayan wata bakwai na'urar ta iso da gaske. Bikin farko da na kunna ta, Alhaji ya yamutsa fuska. "Wannan ai ba ta da kyau. Ina waccan ta ranar suna?" Daga nan ba su sake nemana ba, kuma wallahi abin ya yi mini ciwo.

Tun lokacin na daina cika baki kan abin da bai shigo hannuna ba. Na kuma gane ƙaryar da ta karɓu ta fi wadda aka kama haɗari, domin wata rana za a ce ka sake kawo ta.