Shafi na Arba'in da Ɗaya

Da hantsin Talata, tara ga watan jiya, aka bugo mini waya cewa Allah ya yi maka rasuwa, Malam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara goma sha tara rabon da mu gaisa.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Kai ka ɗauke ni aiki a ɗakin adana tsofaffin littattafai, ka koya mini in wanke hannu ya bushe kafin in taɓa takarda. Ranar da matata ke naƙuda, da motarka aka kai ta asibiti, kai da kanka ka tuƙa. Kai ne kuma ka fara buɗe mini littafin nan mai baƙaƙen da har yau ba wanda ya iya karantawa, wanda ka yi suna da shi, kana cewa ya haura shekara ɗari biyar.

Ni kuwa da rawar kaina, wata rana na lura a shafi na arba'in da ɗaya alƙalami yana kauce wa hujin da ƙwari suka yi. Layi zai zo bakin huji, ya ɗan karkace, ya wuce. Ashe ƙwari sun riga marubucin zuwa. Wani ɗan duniya ne ya samu tsohuwar takarda, ya zauna ya zana shirmensa. Na faɗa a taron ma'aikata, ina zaton za ka sa mini albarka. Sai ka cire tabarau, ka miƙo mini a gaban kowa, ka ce, "Ungo, ka fi ni bukata." Aka kwashe da dariya. Wata biyu tsakani aka sallame ni, kuma duk inda na nemi aiki, wasiƙarka ta riga ni isa. Tun daga nan nake ɗinkin littattafan makaranta a shagon ƙanena.

Makon jiya Hajiya, mai ɗakinka, ta aiko mini da kwalin littattafan da kake rubuta bayanan aikinka, wai ni kaɗai na iya karanta rubutunka. Baiwar Allah! A cikin na shida, da jan biro, ka rubuta: "Shafi 41, rubutu yana kewaye huji. Jabu ne." Kwanan watan da ka sa, shekara uku ne kafin wancan taro.

Ashe ka sani, Malam. Kana sane ka miƙo mini tabarau.

An roƙe ni in yi jawabi ran Asabar, wajen sa wa ɗakin karatu na tsohon wurin aikinmu sunanka, na kuwa amsa. Layin nan zan karanta, ba ƙari, Hajiya da 'ya'yanka suna zaune a gaba. Na san zai yi musu ciwo. Nawa 'ya'yan ma sun tashi ana ce musu ubansu butulu ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya da yara, Allah ya ba su haƙuri, don za su bukace shi. Kai kuma Allah ya jiƙanka, ya sassauta maka tambaya, ya gafarta maka abin da ke tsakaninka da Shi. Wanda ke tsakanina da kai kam, ban yafe ba.