Ranar da Ƙarfe Ba Ya Taɓa Ƙasa

Na haƙa rijiyoyi daga Gwaram har Birnin Kudu, wasu na manta ko a ƙofar wa suke. Amma ban taɓa mantawa da ranar da rijiya ta rufta da Audu ɗan Wurno ba, a bayan garin Suwakin, bakin tekun da ake hayewa zuwa Jidda. Ku da kuke gunaguni don nakan tsare kowane sabon mahaƙi da tambayar ranakunsa kafin in ba shi dagi, ku saurara.

Da ƙafa muka tafi Makka a lokacin, kuma guzuri ya ƙare mana tun kafin mu ga ruwan teku. Dole muka nemi aiki. Wani attajiri Balarabe yana son rijiyoyi don ayarin alhazai, da ya ji sana'ar gidanmu ce sai ya naɗa ni shugaban mahaƙa. Aikin shugaba shi ne ya raba wa kowa wurinsa: wa zai shiga ƙasa da dagi, wa zai ja kwando, wa zai ɗaure bango da itace kada ya zubo. Shi ne kuma bakin mahaƙa a wajen mai aiki. In an yi zagi, kunnensa ke fara sha.

Hausawa ba mu cika tafin hannu ba. Sauran duk mutanen ƙasar Hindu ne, masu wani yare da ake kira Telugu, jirgin ruwa ya kawo su. Su ma haƙa gadonsu ce. Babbansu Subayya, baƙi siriri kamar Bafulatanin daji, ba ya son yawan magana. Da guntun Larabci da nuni muke fahimtar juna.

Mutanen nan sun fi kowa yawan ranaku. Sau biyu a wata suna da azumi, ran sha ɗaya bayan wata ya fara girma da ran sha ɗaya bayan ya fara raguwa. Sabuwar shekararsu kuwa sukan haɗa ɗaci da zaƙi da tsami a ƙwarya guda su lasa, wai haka shekara take. Na ɗanɗana sau ɗaya, ban ƙara ba. Amma duk wannan ba ya hana su aiki. Ɗaya ce tak Subayya ya zo ya roƙe ni a kanta.

"Malam Habu," in ji shi, "watan da zai kama, ran huɗu, ranar maciji ce. Muna azumi, muna zuba madara a raminsa. Ƙarfe ba ya taɓa ƙasa, don kada a ji masa rauni."

Na yi a'uziyya a zuci, amma na je na faɗa wa attajirin. Ya yi tsaki, ya yarda da rana ɗaya: huɗu ga wata.

To, nan gizo yake saƙar. Mu sai mun ga jinjirin wata da idonmu muke cewa ɗaya. Su kuwa tun washegarin daren da wata ya ɓace ƙurmus suke fara ƙirga. Ranar da muke cewa biyu ga wata, su huɗunsu ta cika. Ni da gaskiyata, Subayya da tasa, kuma babu wanda ya san akwai abin tambaya.

Da safe na iso bakin rijiya, ba Bahinde ko ɗaya. Attajirin ya iso a kan jaki, ya ga kwanduna a kife.

"Yau nawa ga wata, ya Takruri?" Haka suke kiran duk wanda ya fito daga ƙasashenmu.

"Biyu, ranka ya daɗe. Amma a lissafinsu..."

"Lissafinsu! Ayari na tafe, ba ruwa. In rana ta faɗi ban ga danshi a ƙasan nan ba, gobe in kore ku, da kai da su duka, in zuba wasu."

Na gaya masa masu ɗaurin bango ba sa nan, kuma wannan ba jar ƙasar gida ba ce da ke tsayawa da kanta, rairayi ne. Ya kaɗa jakinsa. Audu, wanda ya baro Wurno da matarsa kuma ya rantse sai ya kai ta Arfa, ya tuɓe riga.

"Habu, bar shi. In aka kore mu, da me za mu haye? Riƙe min igiya."

Hantsi ya yi sosai lokacin da na ji wani sauti kamar an zazzage buhun gero. Ƙura ta taso. Da ta lafa na leƙa, sai kan Audu da kafaɗa ɗaya kawai nake gani. Yana da rai, yana salati. Muka zura mutum ya fara yashewa, amma in ya ɗebe kwando ɗaya sai biyu su gangaro. Rairayin ya kai wa Audu haɓa. Na ce a dakata, na zura da gudu neman su Subayya.

Na same su a gindin wata ƙaya, sun yi wanka, sun kewaye wani rami. A ƙasarsu suri suke zuwa, nan babu, shi ne suka nemi wannan. Subayya na durƙushe da ƙoƙon madara. Ban yi sallama ba.

"Subayya! Rijiya ta ci Audu! Yana numfashi!"

Nan take mutanensa suka ɗau hayaniya da yarensu. Wani dattijo a cikinsu ya riƙe masa hannu, ya juyo gare ni da Larabcinsa mai karyewa: "Kai ba ka sani ba. Maciji ya kashe ɗansa na fari. Saura ɗaya a gida. Don yaron yake azumin nan. In ya karya ranar, a kan yaron za a rama."

Na buɗe baki in ce wannan ba gaskiya ba ne, sai na rufe. Wa'azina ba zai tsayar da rairayi ba, kuma a fuskar mutumin nan na ga shi dai ya gaskata har cikin ƙashinsa. Ya ƙarasa zuba madarar a hankali, har na ji kamar in shaƙe shi. Sannan ya miƙe.

"Da hannu," ya ce wa mutanensa. "Ba ƙarfe."

Suka zo duka, da azuminsu, cikin wannan rana. Suka yanke gindin manyan kwanduna, suka zura ɗaya ya kewaye Audu kamar zobe, suka tokare bango, suna yashe ciki da tafin hannu. Ƙirji ya fito, ƙugu ya fito. Sai aiki ya tsaya. Wani itacen ɗauri ya danne ƙafar Audu, bakin itacen ya kafe cikin ƙasa mai tauri. Farce ba zai iya ba. Bango kuma ya fara tsagewa daga sama, muna jin yashi na zubo musu a ka.

Na ɗauki dagi zan sauka. Subayya ya ɗago daga ƙasa ya girgiza kai: wurin ba zai ɗauki mutum uku ba, kuma kafin ya fito in shiga, bango ya gama. Ya dubi mutanensa, kowa ya sunkuyar da kai. Ya miƙo hannu.

"Ba ni."

Na zura masa. Ya kira wani suna da ƙarfi, daga baya na ji sunan yaron ne, ya kafta ƙarfen a ƙasa. Muna fito da su biyun, bangon ya zube gaba ɗaya.

Audu ya rayu, da ɗingishi ya yi ɗawafi. Attajirin bai kori kowa ba, bai kuma ce sannu ba. Da yamma na kai wa Subayya ruwa da dabino ya buɗe baki. Bai karɓa da wuri ba.

"Malam Habu, kai kana salla sau biyar. Ni yau na ɓata tawa ranar. Ka riƙa sa yarona a sallarka."

Muka haye teku, ban sake ganinsa ba.

Abin da na koya ke nan: mahaƙi ba ƙasa kaɗai zai sani ba, sai ya san wanda ke riƙe masa igiya, da abin da yake tsoro, da yadda yake ƙirga watansa. Shi ya sa ko Bamaguje ne ya zo neman aiki, sai na tambaye shi ranakunsa, in kuma sake tambaya daga ina yake fara lissafi.

Yaron kuwa, in yana raye, yanzu ya yi furfura. Ban san ko yana raye ba. Amma har sallar asubar yau na roƙi Allah ya tsare shi daga maciji.