Mutumin da yake tambayar hanyar da ya sani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Lawali, kuma har yau motarsa nake hawa. Tsohuwar katkat ce fara, irin motar shiga daji, ƙofar baya ba ta buɗuwa sai an lallashe ta. A jikin gilashin gaba akwai wata 'yar na'ura da ya manna da hannunsa, irin wadda ke nuna wa mai tuƙi hanya, jepeyes kamar yadda ake ce mata. Robar da ke riƙe da ita ta gaji, in rana ta yi zafi sai ta saki ta faɗo mini a cinya, in ɗauka in tofa mata yawu in mayar. Iyalina sun sha ce mini in jefar da ita tun da wayar aljihuna ta fi ta sanin gari. Gaskiyarsu ce, amma ban jefar ba.

Yaya ma'aikacin gidan gona ne, rabin rayuwarsa a hanyoyin ƙauye ya yi ta. Mutum ne mai son sabon abu, ba ya ganin na'ura ya wuce bai taɓa ta ba. Da aka aika shi wani horo a Yamai, da wannan abar ya dawo, ya tara mu a ƙofar gida a unguwarmu ta Zango yana nuna mana yadda take magana da taurarin da aka harba sama. Muryar mace gare ta, kuma Faransanci kawai take ji, shi ya sa ya sa mata suna Madam. In ta ce ya juya dama ya ƙi, sai ta yi ta nanata masa ya koma baya, shi kuma yana amsa mata da cewa ya ji, ta yi haƙuri. Shi ya koya mata hanyoyin rairayi, domin takan riƙe duk inda aka bi da ita. Mahaifiyarmu, Inna, ba ta taɓa sonta ba. Ta ce yarinyar da za ta fara magana da babba ba gaisuwa, ba a gidan kirki ta tashi ba.

Inna 'yar ƙasar Garagumsa ce, daga wani ɗan ƙauye da ake kira Tudun Kalgo, aure ya kawo ta Damagaram. Tana da ƙanwa guda da ta rage mata a can, Iya Gambo. Duk shekara in an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, Yaya zai ɗauke ta ya kai ta su gaisa, ni kuma in rufe shagona in bi su. Tun a lokacin idon Inna ya fara dushewa, daga baya ya rufe gaba ɗaya.

Wannan tafiya ita ce ta fi ba ni haushi a duk shekara. Da zarar mun wuce Takeita mun sauka daga gudron, wato kwalta, sai Yaya ya zama baƙo. A ƙauyen farko akwai wani tsoho, Baba Ilu, da yake zama gindin bishiyar bedi yana tufka igiya. Yaya zai kashe mota, ya sauka, ya tsuguna, a yi gaisuwa tun daga gajiya har zuwa awaki. Sannan ya gyara murya ya ce, “Don Allah Baba, ina hanyar Tudun Kalgo?” Tsohon zai ajiye igiya ya miƙa hannu ya zayyana masa ita daki-daki, kamar bai taɓa ganinsa ba. Mu yi gaba kaɗan, ya sake tsayawa wurin mata a bakin rijiya, ya sake tambaya. Haka wurin mai tsire a kasuwar gaba. Duk wannan kuwa Madam na manne a gilashi, ta ja mana layi har ƙofar Iya Gambo.

Ni ɗan kasuwa ne, ban iya zama wuri guda ba. Ina cikin mota ina ta duba agogo ina tsaki a ciki. Na taɓa ce masa, an ce matambayi ba ya ɓata, amma ba a ce ya kwana a hanya ba. Ya yi dariya ya ce in yi masa uzuri, shi mai mantuwa ne. Mutumin da ya haddace sunan kowane maigari daga Durum har Takeita, wai shi ne mai mantuwa. Inna kuwa tana bayan mota ta sauke gilashi, ana zuwa ana gaishe ta, tana tambayar wance ta haihu, wane ya dawo daga Kano. Kafin mu isa, labarinmu ya riga mu, mun tarar Iya Gambo ta share tsakar gida ta dama fura.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Cikin damina ya kwanta, kafin a yanke gero mun kai shi makwancinsa. Da aka gama kakar wannan shekarar na ce wa Inna ta shirya, ni zan kai ta, kada zumunci ya mutu tare da shi. Na kunna Madam, na bi layinta tiryan-tiryan, ban taka birki ko'ina ba. Tun hantsi muka isa, har ina jin daɗi a raina. Muka tarar Iya Gambo ta tafi ɗaukar kara a gona, sai da aka aika kiranta. Inna ta daɗe a cikin mota ba ta sauka ba. Ta tambaye ni ko na tabbata nan ne, domin ita ba ta ji mun zo ba. Da shekara ta zagayo na yi mata maganar tafiya, ta ce gwiwoyinta. Ta gaba ma gwiwoyin ne. Na ɗauka tsufa ne, na bar ta, ita da Iya Gambo suka koma gaisawa ta waya, tsofaffi biyu kowacce na ɗaga murya ba mai jin wata sosai.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga Damagaram ta yau. Ɗan kabu-kabu yana tafe da waya a hannu tana gaya masa lungun da zai shiga. In za ka je gidan suna ko gidan gaisuwa, ba mai tsayawa ya yi maka kwatance, sai dai a turo maka ɗigo a waya ka bi. Da can a Zango da mutane ake kwatanta gida, a ce bayan gidan masu jima, kusa da inda wance ke tuyar ƙosai. Na san da yana nan shi zai riga kowa sayen sabuwar waya, ya zauna ya tone ta har ya fi yaran iyawa. Bai taɓa ganin laifin waɗannan abubuwa ba, kuma sau da yawa Madam ta fitar da shi daga daji lokacin da ruwa ya shafe sawun mota. Abin da nake jin zai ba shi mamaki shi ne yadda mutum zai tashi daga nan har Maradi bai yi wa kowa sallama ba. Ina kewarsa a irin wannan hira, domin shi kaɗai nake iya yi wa musu in tashi ba fushi.

Bana, bayan kaka, aka yi mana waya daga Tudun Kalgo cewa jikin Iya Gambo ya yi nauyi, kuma tana ta kiran sunan yayarta. Na sami Inna a ɗakinta na gaya mata. Ta ci gaba da jan tasbaha, sannan ta ce ba ta jin za ta iya wannan hanya. Na ji tsoro ƙwarai a ranar, tsoron kada 'yan'uwan nan biyu su rabu ba su sake riƙe hannun juna ba, ga mota a ƙofar gida. Na yi ta roƙonta har ta ce to, ba don ranta ya so ba.

Mun wuce Takeita, motar ta gangara daga gudron ta fara lilo a cikin rairayi. Can sai na ji hannun Inna a kafaɗata.

“Mutari, ba mu kai wurin mai igiya ba?”

“Ga shi can gaba, Inna.”

“Tsaya ka tambayi hanya.”

“Inna, ai na san hanya.”

“Shi ma ya sani.”

Na kashe mota. Baba Ilu na nan gindin bedinsa, ya ƙara ranƙwafawa, igiyar ce kawai ba ta sake ba. Na tsuguna na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, idonsa na kan motar. Ya ce ya san wannan mota. Ya ce wata shekara motar ta wuce su a guje ko hannu ba a ɗaga ba, suka zauna suna tambayar juna ko sun yi wa Mai Tambaya laifi, wasu suka ce ai girma ya samu a birni. Daga nan ba su sake ganinta ba. Ashe ko sunansa ba su sani ba, Mai Tambaya suke ce masa a duk ƙauyukan hanyar. Iya Gambo ta ji rasuwar tun ranar da aka yi ta, amma ba wanda ya yi tunanin a gaya wa mutanen bakin hanya, tun da ba dangi ba ne. Na ce masa yayana ne, kuma ya rasu shekara bakwai ke nan.

Tsohon ya ajiye igiyar ya yi salati. Ya aika a kira liman, mutane suka fara fitowa daga gidaje, aka shimfiɗa tabarma a gefen mota. Aka yi mana gaisuwar mutuwa sabuwa fil, kamar jiya aka yi rashin. Mata suka kewaye ƙofar motar suna riƙe hannun Inna, kowacce da abin da ta tuna, wannan ya taɓa kai ɗanta likita, waccan ya kawo mata irin wake. Inna, wadda ban ga hawayenta ba ko ranar jana'iza, ta yi kuka har ta gode Allah. Ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Da aka shafa fatiha na miƙe zan shiga mota, sai Baba Ilu ya ce, “Ɗana, ba ka tambaya ba.” Na dawo na tsuguna. Na ce, “Don Allah Baba, ina hanyar Tudun Kalgo?” Ya miƙa hannu. Ya ce in miƙe har babban gawo, in bar shi a hagu, in na ga rijiya mai bakin siminti in karkata kudu. Gawon nan ya daɗe da faɗuwa, kututturensa ma an ƙone, amma ban gyara masa ba. Na waiga na ga leɓen Inna na motsi, tana bin maganarsa kalma bayan kalma. Sai a lokacin na gane cewa mai ido da gilashi yake ganin hanya, ita kuwa da muryoyin nan take sanin inda ta kai, kuma Yaya ya san haka tun kafin idonta ya gama rufewa.

Mun tsaya a rijiya, mun tsaya wurin mai tsire, wanda yanzu ɗansa ke riƙe da tukubar. Ko'ina sai an sake fatiha. Madam ta gaji da mu ta yi shiru. Sai bayan la'asar muka isa, muka tarar an share tsakar gida, an tayar da Iya Gambo an jingina ta da bango tana jiran yayarta. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Yaya bai bar gidan bene ba, bai bar suna a jikin wani gini ba. Abin da na san ya bari shi ne tsohuwar mota, da 'yar na'urar da ta riƙe duk inda ya bi, da mutanen da suka riƙe duk inda ya tsaya. Biyun farko za su lalace, ko yau ko gobe. Na ukun kuwa sai in an ci gaba da zuwa, domin zumunci a ƙafa yake. Allah ya jiƙan Lawali, ya sa ya sami masu amsa masa da alheri a inda ya je.

Da za mu koma gida na sake tsayawa gindin bedin don sallama. Baba Ilu ya riƙe hannuna ya ce, yanzu dai na san hanya, baɗi ba sai na wahalar da kaina ba. Na ce masa ya yi mini uzuri, ni mai mantuwa ne.