Mariƙi na Huɗu

Kafinta ba mutumin magana ba ne. A majami'a benci na ƙarshe yake zama, kuma kafin fasto ya raba wa'azi biyu gyangyaɗi ya ɗauke shi. In an tashi sai ya bi bencina yana girgizawa, wanda ya yi ƙara ya saɓa shi a kafaɗa zuwa shago. Mai baki a gidansu Yayansa ne. Shi ke koyar da ajin manya, in ya fara bayani har masu wucewa sukan tsaya a taga.

Cikin duk karatun Yaya, abu ɗaya ne ya zauna wa Kafinta a ka: bisharar nan da ta fi sauran gajarta. Yaya yakan shigo shago da yamma, ya kaɗe garin katako daga kan tebur ya zauna.

"Wannan taka ce, malalacin karatu," in ji shi. "An rubuta ta ne wa mutanen da ake bi gida-gida ana kashewa, shi ya sa ba ta da dogon zance. Yesu ya taɓa wannan, ya tayar da wancan, ya wuce. Almajiransa kullum ba su gane ba, ranar da aka kama shi kuwa duk suka watse. Ana cewa tsohon da ya ba da labarin shi ne wanda ya yi musun sanin Yesu, wanda ya rubuta kuma ya taɓa juyawa gida ana tsakiyar tafiya. Matsorata ne suka bar mana ita."

"To, da sauƙi," in ji Kafinta, da ƙusa a bakinsa. "Na ɗauka sai jarumai."

Shanyewar ɓarin jiki ta kama Yaya wata safiya yana ɗaure takalmi. Ta tafi da hannun dama, da ƙafa, da bakin nan duka. A saman bene yake zaune, matakalar kuma ƙunci gare ta, ga kwana a tsakiya. Kafinta bai yi wa kowa dogon jaje ba. Ya koma shago ya haɗa kujera mai mariƙi huɗu. Duk Lahadi shi da Direba, maƙwabcin Yaya, su riƙe na ƙasa, Tela, wani ɗan majami'arsu, da ɗan Yaya su riƙe na sama, a sauko da Yaya zuwa majami'a. Ɗan nan magidanci ne har da gemu, amma tun yana ƙarami ake kiransa Likita, ko da yake a kantin magani ya ƙare.

Sauko da mutum a matakala yana da ƙa'ida: na ƙasa su ɗaga, na sama su durƙusa. Wata Lahadi a kan kwanar, Likita ya ga nauyi ya danne Baffansa, sai ya ɗaga nasa mariƙin don ya rage masa. Kujera ta tuntsura gaba. Yaya ya zame ta tsakanin Kafinta da Direba, ƙashin ƙugunsa ya karye. Ko ihu bai iya yi ba.

Kafinta, wanda kan yini bai ce uffan ba, ya ɗaga kai ya ce, "Kai ko ubanka ba ka iya riƙewa?"

Likita ya bi su asibiti, ya tsaya a baranda har aka gama ɗauri. Daga ranar bai ƙara taka matakalar ba. Magani yakan aiko ta hannun Direba.

Yaya bai sake sauka ba. Kafinta ya sa wa kujerar ɗamarar fata, abin da ya kamata ya yi tun farko, ya jingine ta a bayan ƙofa. Kullum in ya rufe shago sai ya hau, ya yi wa Yaya wanka, ya juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ya shafa masa mai.

"Mijina ƙarami, a hankali," in ji matar Yaya. "Ba katako kake gogewa ba."

"Katako ya fi shi haƙuri. Dubi hararar da yake mini."

Bayan wanka yakan karanta masa gajeriyar bisharar, yana tuntuɓe a kan kalmomi, yatsa na bin layi. Amma ya lura da zarar an ji takun mutum a matakala, Yaya ya daina saurare. Idonsa na kan ƙofa har takun ya wuce.

Ranar da karatu ya kai wurin da mata suka je kabari da man ƙanshi, aka ce musu Yesu ya tashi, suka gudu don tsoro ba su gaya wa kowa ba, Yaya ya dafe shafin da hannun hagu.

"Ai da saura a ƙasa," in ji Kafinta.

"Yakan ce tsofaffin kwafin a nan suka tsaya," in ji matar.

"Da gudu? Wane irin ƙarshe ne wannan?"

Yaya bai ɗauke hannunsa ba. Ƙofa yake kallo.

Washegari Kafinta ya rufe shago da rana, abin da bai taɓa yi ba, ya tafi kantin magani. Ya jira masu saye suka ragu.

"Baffa, sannu da zuwa. Maganin ya ƙare ne?"

"Magani na nan. Mai shan ne ke ƙarewa."

Likita ya shiga jera kwalaye da suke a jere.

"Kujerar ba ta da ɗamara," in ji Kafinta. "Wannan aikin kafinta ne, ba naka ba. Maganar da na faɗa kuma, baki ne ya riga ni."

"Ina ganin fuskarsa lokacin da yake zamewa, Baffa. Ni yake kallo."

"Har yanzu kai yake kallo. Ka zo ka gani."

"Zan zo. Lahadi, in Allah ya yarda."

Yaya bai kai Lahadi ba. Ya cika da hantsi, matarsa na ba shi ruwa da cokali.

Kafinta ya haɗa akwatin gawa da katakon da ya daɗe yana ɓoyo. Sai da aka kawo shi gindin bene ya tuna ba zai juya a kwanar nan ba. Dole a sauko da Yaya a kujerarsa. Suka naɗe shi da farin zane, suka zaunar da shi, Kafinta ya ɗaure ɗamarar. Fasto ya miƙa hannu zai kama mariƙin da ba kowa.

"A bar shi tukuna, Fasto," in ji Kafinta.

Ya leƙa ta taga. Likita na tsallaken titi, jikin sandar lantarki, da rigar aikinsa. Kafinta bai kira shi ba. Ya koma ya kama nasa mariƙin ya tsaya. Direba da Tela suka dubi juna, su ma suka tsaya. Mata a ƙasa suka kai ƙarshen waƙa, suka sake ɗaukowa daga farko.

Can sai ga taku a matakala, yana hawa yana tsayawa. Wannan karon babu idon da ya juya daga gado.

Likita ya shigo, ya dubi farin zanen.

"Kama nan," in ji Kafinta. "In mun kai kwana, ka durƙusa. Kada ka tausaya mini."