Ranar da Aka Zuba wa Injina Humra

Abubuwa da yawa sun same ni a Yamai na manta su sarai, amma jajibirin babbar sallar shekarar da aka yi mini aiki a ƙugu ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Ran nan ne aka zo da niyyar raba ni da gidana, kuma ran nan ne ƙawata ta kusa miƙa musu hujja da hannunta, ba don mugunta ba, don tsabar son ƙamshi.

Ni Bagobira ce daga wajen Maradi, aure ya kawo ni babban birni. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, ni kuma ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, muka lallaɓa muka gina gida a ɓangaren Gudel, inda in iska ta kaɗo kana jin ƙamshin ɗanyen latas daga garaken bakin kogi. Ni na zaɓi farin karo, wato tayil, aka shimfiɗa a ƙasan salon, falonmu ke nan, da ɗakin girki. Kowa ya ce ba na da hankali, wa ke sa farin karo a garin rairayi? Na ce ai ba ku za ku goge ba. Kuma na goge shi kuwa, shekara da shekaru, a durƙushe, har mata suna tsegumin cewa a gidana ko ƙuda sai ya cire takalmi.

Maigida ya rasu, yara suka yi aure suka watse, sai ƙugu ya ce ga shi nan. Bayan aikin, lokotoro ya kafa mini doka: ba durƙuso, ba sunkuyo mai nisa, ba ɗaukar bokiti. Aka ba ni sanda. Ina zaune ina kallon layukan da ke tsakanin karo suna yin baƙi, maiƙo yana kama bangon ɗakin girki. An kawo mini mata masu aiki, wata ta yi gaba, wata ta jiƙa ƙasa da ruwan sabulu ta bar mini santsi, wata kuma ni na kore ta da yawan mitata, ban ɓoye ba. Abin ya yi mini ciwo fiye da ƙugun.

Babban ɗana ya fara maganar a hankali. “Inna, ki komo wurina. Ga ɗaki na gyara, har da kilim mai sanyaya ɗaki. Wanga gida ya fi ƙarfinki, a sa haya.” Ba mugun yaro ba ne, tsoro yake ji kada wata rana a iske ni kwance a ƙasa. Da na ƙi, sai ya kai maganar ga yayan mahaifinsa a Maradi, wanda shi ne babba a dangi, in ya yanke magana ba a ɗaga ta. Aka ce Alhaji zai zo ya yi sallah tare da mu, ya ga gidan da idonsa.

Kafin nan Allah ya riga ya haɗa ni da abin da zan kare kaina da shi. Mun je kasuwar Wadata ni da ƙawar tawa, maƙwabciyata, neman labule. Ita Bazabarma ce, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa: tun da muka zama maƙwabta kullum sai ta ce ita ce uwargijiyata, ni kuma in ce na saye ta da arha. A wani shago na masu kayan Turai na hannu muka ga mai shagon yana gwada wani inji mai kamar ƙaramar tukunya a kan taya, da dogon bututu da mariƙi. Ya zuba masa ruwa zalla, ya sa a kuran, wato wutar lantarki, can sai ga tururi yana fita da ƙarfi. Ya kara bakin a wani murhun gas da maiƙo ya daskare masa, maiƙon ya narke yana gangarowa, ya bi da tsumma. Na ce a ba ni kujera. Na zauna, na karɓi mariƙin, na ga daga zaune yana kai ni ƙasa ba tare da na sunkuya ba. Labulen da ba mu saya ba ke nan.

A gida na jawo tsohuwar kujerar biro, wato ta ofis, ta maigida, mai taya, na mai da ita abin hawana. In zauna, in tura da ƙafa, inji yana bina a baya. Babu ɗaukar ruwa, babu matsar tsumma mai nauyi, babu jabel, ruwan wanke ƙasan nan mai shaƙe ni, kuma ƙasa na bushewa nan da nan. In na gaji in kashe in huta, aikin ba ya guduwa. Na sa wa abin suna “yi wa gida sirace”. Ɗana ya gani ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya yanke shawara, ya ce abin wasan yara ne aka sayar mini.

Ran jajibiri an ce motar Maradi sai bayan la'asar. Tun da safe na gama ɗakin girki, na bi katifar baƙo da labule da tururi, na bar salon a ƙarshe don ya same shi da sheƙi. Maƙwabciyata ta shigo da “fofo” ɗinta, gaisuwarsu ta Zabarmawa, da kwalbar humra a hannu, wai ta kawo mini in shafa kada in kunyata ta gaban baƙo. Aka kira azahar, na kashe inji ya huce, na shiga ɗaka na yi sallah a zaune kamar yadda na saba.

Da na fito na hau kujera na kunna. Tururin farko da ya fito, wallahi sai da na lumshe ido. Ƙamshi ya cika salon kamar ɗakin amarya. Na juya na ga ƙawata tana washe baki.

“Ke, mi kinka yi?” na tambaye ta.

“Dabara na yi miki, baiwata,” in ji ta. “Tururi ba ko'ina yake shiga ba? To na zuba masa humra, ƙamshin ya bi shi har cikin bango. Ku Gobirawa sai an yi muku tunani.”

Yanzu in na tuna ba na ganin wautarta sosai. Mu da muka tashi muna kifa kwando kan kasko muna turara tufafi, duk abin da ke fitar da hayaƙi mai ɗumi a wajenmu abin ɗaukar ƙamshi ne. Abin da ba ta sani ba, injin nan ruwa kaɗai yake sha, humra kuwa mai ne da garin itace. Ban gama buɗe baki ba injin ya fara tari. Ya yi shiru, ya sake tari, sai ya fara tofar da wani jan ruwa mai kauri a kan farin karona, ɗis ɗis, sannan ya feso shi gaba ɗaya. Na miƙe da sauri in cire waya daga bango, na dafa sanda, sandar ta zame a kan man. Allah ya sa hannuna ya kama bayan babbar kujera. Na tsaya a haka ina jin zafi yana tsarga mini ƙugu. Na ji tsoro ƙwarai, don na san in na kai ƙasa, ba ƙashi kaɗai zai karye ba, maganar gidan ma ta ƙare.

Ƙawata ta daina dariya. Ta zaunar da ni, ta cire wayar, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu za ta ɗauko bokiti ta durƙusa. Na ce mata kul. “In kinka goge shi da gwiwarki, kin gaskata ɗana. Je ki gidanki ki kawo mini binegar, ruwan tsamin nan.” Muka jira injin ya huce sarai, don ba a buɗe murfinsa da zafi, tururin na iya ƙona fuska. Ta zubar da abin da ke ciki, na ɗauraye shi a cinyata da ruwan ɗumi har ya daina fitar da ja, na sa masa ruwa da ɗan binegar, na zare ƙaramin bakin na tsokace shi da allura. Ƙawata sai miƙo mini ruwa da allura take. Tun da na san ta ban taɓa ganin bakinta ya huta haka ba.

Muka mayar da shi a kuran, na kara bakin cikin tsohon kwano. Ya yi gurnani, ya tofar da sauran dattin, sannan farin tururi ya dawo da ƙarfinsa. Na zuba masa ruwa mai kyau, na ɗaura sabon tsumma, na fara bin man daga bakin ɗakin girki. Ban kai rabin salon ba na ji sallama a tsakar gida. Motar Maradi, wadda tun da nake ba ta taɓa zuwa da wuri ba, ran nan ta ga dama.

“Kada ku shigo, akwai santsi,” na ɗaga murya tun kafin in amsa gaisuwa.

Ɗana ya tsaya a bakin ƙofa, Alhaji na bayansa. Ya dubi jan man da ya malale, ya dubi sandata da ke yashe can gefe da sawun zamewarta a ƙasa. Ba ya bukatar a gaya masa abin da ya faru.

“Inna, kin gani ko? Da kin faɗi fa? Baba, abin da nike gaya maka ke nan.”

Gaskiya ya faɗa. Na gaida Alhaji da hanya, na ce ya yi mini haƙuri in gama. Na zaci zai ce a kai shi masauki. Sai ya ce a sa masa kujera a nan bakin ƙofa. Ya zauna, ya jingine tasa sandar, ya zuba mini ido.

Na ci gaba da aikina. Ban yi sauri don in burge kowa ba, ban kuma ɓoye hutawa ba. Da hannuna ya gaji na kashe, na sha ruwa, na sake kunnawa. Tururi na narka man, tsumma na kwashewa, ina tura kujera baya kaɗan kaɗan, karo na fitowa fari a gabana. Ƙawata tana canza mini tsumma kanta a ƙasa. A haka har na iso bakin ƙofa, dab da ƙafafun Alhaji. Na miƙa bututun na jawo sandata, na goge ƙasanta, na miƙe na taka wurin da ƙafata don su ga ya bushe.

“Hajiya, ba ni abin nan in gani,” in ji Alhaji.

Na miƙa masa. Ya danna, tururi ya fito, ya ɗan ja baya, sannan ya bi dokin ƙofa da shi a hankali kamar mai shafa bayan rago. Ya daɗe yana yi. Da ya ajiye sai ya dubi ɗana.

“Ka san ni ma tun da ƙafafuna sunka yi rauni ɗan wajena, ƙanenka, ya ɗauke ni ya kai gidanai. Ana kula da ni, ban rasa komi ba. Amma butata ma ban san inda aka aje ta ba sai na tambaya. Gidana wasu na ciki, in na bi ta ƙofar sai in kau da kai.” Ya share fuska da hannun riga. “Na taho in ce ta bi ka. Na ga mace ta ɓata ɗakinta ta gyara abinta tana zaune. Ku bar ta cikin ɗakinta.”

Ɗana ya buɗe baki, Alhaji ya ɗaga hannu. Ya ce amma da sharaɗi: a sa mini ƙarfen dafawa a makewayi, telefon ya zauna a jikina, a samo babbar mace ta riƙa sharar tsakar gida, don injin ba ya kwasar rairayi, kuma in rage mita. Na karɓa duka, na ƙarshen ne dai har yau ana fama. Sannan ya shaƙi iska ya ce shi bai taɓa shiga gida mai ƙamshin wannan ba, wa ya yi wannan aiki? Ƙawata ta ɗago kai a karo na farko ta ce, “Alhaji, Zabarmawa.”

Washegari aka yi layya, aka jera naman a jikin itace kewaye da wuta a ƙofar gidana kamar kowace shekara, aka yi suya har maiƙo ya kai rufin ɗakin girki. Bayan sallah na hau kujerata na bi shi da tururi. Alhaji kuwa, Allah ya jiƙansa, bai sake zuwa Yamai ba. Amma an gaya mini da ya koma ya sa aka gyara masa ɗaki ɗaya a tsohon gidansa, a can yake wuni, butarsa a gefensa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in jiki ya ƙi hanyar da ka saba, ka nemi wata hanyar kafin ka miƙa makullin gidanka, kuma ka karɓi taimakon da zai tsayar da kai a wurinka, ba wanda zai ɗauke ka daga shi ba. Masu son ka ma suna iya kwashe ka da tausayi. Har yau ina cikin gidana, karona fari. Ƙawata kan shigo da humrarta, in na gama siracen gida ta zuba garwashi a kasko ta yi mana turare, amma ba na barin ta ita kaɗai da injin ko zan shiga sallah.